Rabin Saniyar Mutanen Faru

Ɗanbaba yana cikin yi wa wata mata bayanin dalilin da ya sa hoton fasfo ɗinta ya fi ta duhu, sai ya hango surukinsa yana saukowa daga bayan ɗan kabu-kabu a ƙofar shagon. Ya miƙa wa matar hotunanta, ya ce ta tafi da su haka, ai ofishin da za ta kai su ma ba fuska suke dubawa ba.

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse, don haka ganin mutumin Faru a gari ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne ganin Malam Bello a wannan shago. Tun da ya aurar wa Ɗanbaba da 'yarsa Taibatu bai taɓa tako ƙafarsa nan ba. In yana da saƙo, aike yake yi. Dattijo irinsa ba ya zuwa wurin sana'ar mijin 'yarsa haka kawai, sai in an yi mutuwa, ko kuma ana shirin yin ta.

Shagon ba wani girma gare shi ba. Injin kwafi ɗaya, firinta mai yawan tari, jan labulen ɗaukar hoto, da kwamfuta biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya ana ɗora mata buta. Amma a allon da ke waje, ƙarƙashin inda aka ce ana buga takardu, an rubuta da jan fenti cewa ana nazarin alƙaluma da manhajar SPSS. Wannan layin shi ya ɗaga Ɗanbaba daga mai kwafi zuwa Injiniya. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya taɓa zama a shagon yana aikinsa, Ɗanbaba na tsaye a bayansa yana kallon inda yake dannawa, har ya haddace wuri uku. Da wuri ukun nan ya yaye ɗaliban Mafara da na Bakura da na Maradun masu yawan gaske. A kawo masa tulin takardun tambayoyi, ya zuba lambobin, ya danna nan, ya danna can, jadawali ya fito da layuka miƙaƙƙu gwanin sha'awa. Bai taɓa tambayar wata lamba daga ina ta fito ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa inda ya yi karatu ba. Zaman lafiya suke yi.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ya shiga gaisuwa. Malam Bello ya zauna a benci ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. An kwana lafiya, an tashi lafiya, gida lafiya, mutanen Faru lafiya, hanya da sauƙi, gajiya babu. Shi ma ya tambayi Taibatu da yara da kasuwa da zafin rana, ya koma ya sake tambayar yara. Ɗanbaba ya san tsohon nan. In gaisuwarsa ta yi tsawo haka, abin da ke bayanta ba na daɗi ba ne.

"Godiya munka zo yi, Injiniya," in ji Malam Bello daga ƙarshe. "An ce kai ne ka azurta mu."

Ɗanbaba ya yi dariyar da ake yi wa suruki, wadda ba ta wuce haƙora. Ya ce bai gane ba.

Sai dattijon ya ba shi labari, a hankali, yana kallon injin kwafi kamar da shi yake magana. Akwai wata ƙaramar ƙungiya a nan Mafara da za ta raba injinan ban ruwa ga manoman rani. Ƙauyuka shida aka bincika, huɗu ne za su samu, waɗanda suka fi ƙarancin dukiyar dabbobi. Jiya shugaban ƙungiyar, Alhaji Ishaq, ya tara wakilan ƙauyukan a Maradun ya karanta musu sakamako daga takarda. Da ya zo kan Faru sai ya gyara tabarau, ya ce bisa binciken kwamfuta, kowane gida a Faru yana da shanu sittin da tara da ɗigo huɗu da biyar. Don haka Faru ta fi kowa arziki, ba ta cikin huɗun. Wakilin Kaya har tasowa ya yi ya ba Malam Bello hannu, ya taya shi murna, ya roƙi a ara masa bajimi ɗaya na noma in ba zai rage garke ba.

"A gaban jama'a anka karanta shi," in ji Malam Bello. "Da lasifika."

Ɗanbaba ya gane lambar nan take. Aikin nasa ne, babu ja. Malama Sa'adatu, jami'ar binciken ƙungiyar, ita ta kawo masa takardun, kwamfutarta ta lalace, ga kuma taro da aka kira ta Gusau. Ƙauyukan ba a sa sunansu ba, lambobi aka ba su. Ya tuna ƙauye na uku ya fito da wata lamba mai ƙiba, har ya ce a ransa ashe akwai sauran masu hali a ƙasar nan. Bai san gidan surukansa yake yabo ba. Kuma ya san abin da injin nan yake nufi a Faru. Ya ga Malam Bello da 'ya'yansa a fadama suna jan guga tun asuba don 'yan kuyoyin albasa da tumatir, hannayensu duk sun yi kanta.

Amma mutum ba ya sayar da allon shagonsa da arha. Ya gyara murya ya ce, Baba, ai ita kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take fitarwa, kuma manhajar nan da ita manyan jami'o'in duniya suke aiki.

"Ni ban ce ta yi ƙarya ba," in ji dattijon. "Cewa na yi a nuna mani inda ta aje garken, in kora abina gida. Sittin da taran na yahe ma. A ba ni ɗigon."

Kafin Ɗanbaba ya samo amsa, sai ga Malama Sa'adatu ta shigo, mayafinta a kafaɗa, jadawalin a naɗe a hannunta kamar za ta kashe ƙuda da shi. Dawowarta ke nan daga Gusau, da safen nan ta ga abin da aka karanta da sunan bincikenta. Mace ce gajera, mai magana a hankali, ta karanci ƙididdiga a jami'a, kuma tana da wata ɗabi'a da Ɗanbaba ba ya so, ta karanta takarda kafin ta yabe ta. Da ta ji ko wane ne a kan benci, ta rusuna ta gaida shi sosai, ta ba shi haƙuri. Sannan ta juyo.

"Farfesa, a buɗe mana aikin."

Ya buɗe. Ta ce kada ya danna ko ɗaya daga wuraren nan nasa uku. Ya je layin shanu na ƙauye na uku, ya jera lambobin daga babba zuwa ƙarami. Bai san inda ake yin haka ba. Ya yi ta yawo da kibiya a fuskar kwamfuta kamar mai neman akuya a kasuwa, har ta miƙa yatsa ta nuna masa. Lambobin suka jeru. Casa'in da tara. Casa'in da tara. Casa'in da tara. Haka suka yi ta sauka har gida ashirin da takwas, sannan aka faɗo kan biyu, da 'yan ɗai-ɗai, da sifili.

"Malam Ɗanbaba, ka taɓa ganin garin da mutum ashirin da takwas kowa shanunsa casa'in da tara cif? Ba mai ɗari, ba mai casa'in da takwas?"

Ya ce shi ma abin ya ɗan ba shi mamaki lokacin da yake shigarwa, amma ya ɗauka mutanen ƙauye ne, akwai su da haɗin kai.

Ta tuna masa ranar da ta kawo takardun. Ta gaya masa da bakinta cewa duk inda ya ga casa'in da tara, ba shanu ba ne, alama ce da masu tambaya suke sawa in mai gida ya ƙi amsawa. Ta ce sai an gaya wa manhajar haka a gurbin da aka tanada, in ba haka ba za ta haɗa su da sauran ta raba. Shi kuma a lokacin yana fama da takardar da ta maƙale a injin kwafi, ya ce mata to, to, ya sani, ai aikinsu ne. Ɗanbaba ya tuna da to, to ɗin. Sauran maganar ce bai tuna ba, don bai ji ta ba. Shekara da shekaru yana ce wa masu kawo aiki ya sani, ba wanda ya taɓa dawowa ya duba.

Ta nuna masa gurbin. Wani ɗan akwati ne a shafin da ake bayyana sunayen layuka, wanda yake tsallakewa kullum don a ganinsa ado ne. Tana nunawa tana yi masa karatu da muryar malamar firamare. Kafin ka nemi matsakaici, ka fara duba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Ka duba mutum nawa aka tambaya, mutum nawa suka amsa. In lamba ta fito ta ba ka mamaki, kada ka yi mata tafi, ka bi sawunta. Kuma shi matsakaici ba shi da kunya, in mai garke ɗaya ya zauna cikin matalauta tara, zai tashi ya ce dukkansu makiyaya ne, shi ya sa ake duba na tsakiyar layi ma. Ita manhajar baiwar Allah ce, ba ta san saniya ba, ba ta san Faru ba. Ko ka ce mata kowane gida yana da jirgin sama casa'in da tara, za ta raba maka su daidai har da ɗigo.

Ɗanbaba yana gyaɗa kai yana cewa ƙwarai, ƙwarai, kamar dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Malam Bello kuwa ya tattara hankalinsa kan allon kwamfutar, ko da yake boko bai taɓa haɗa su hanya ba.

Sa'adatu ta tambaye shi, cikin ladabi, me ya sa Faru ce kaɗai mutane suka ƙi amsawa da yawa haka. A sauran ƙauyukan ba su wuce mutum biyu ko uku ba, a Kaya ma kowa ya amsa.

Dattijon ya ce tun kakanni ba a ƙidaya wa baƙo dabba. Da can tsoron jangali ne da bakin mutane. Yanzu kuwa abin ya wuce nan. Bara wasu samari sun zo wani ƙauye kusa da su da riguna masu tambari, suka bi gida gida suna tambayar shanu, suka ce rigakafi za a yi. Ba a daɗe ba mutanen daji masu satar shanu suka zo, kuma ba su yi ɓatan kai ba, gidan da ya faɗi da yawa nan suka fara. Ko samarin ne, ko ba su ba ne, Allah ne masani. Amma tun daga lokacin, in baƙo ya zo Faru da biro ya tambayi saniya, sai a tambaye shi ya hanya.

Ɗanbaba ya rubuta casa'in da tara a cikin ɗan akwatin, ya koma ya danna wurarensa uku. Wuta ta ɗauke. Ya tashi ya ja janareta, ta ƙi, ya sake ja, ta yi aman hayaƙi ta kama. Ya sake komai daga farko, don bai adana ba, abin da ya jawo masa wani karatun. Sannan jadawali ya fito.

Sauran ƙauyukan, ban da Kaya, lambobinsu sun ɗan sauka. Faru kuwa faɗowa ta yi daga sama har ƙasa. Gida goma sha biyu suka amsa, shanu shida a tsakaninsu. Sifili da ɗigo biyar.

"Me ta ce yanzu?" in ji Malam Bello.

"Rabin saniya, Baba. Kowane gida."

"Wane rabin anka bar muna, na gaba ko na baya? In da zaɓi, na baya muka so, shi ke da nono."

Ɗanbaba ya yi dariya ta gaske wannan karon, dariyar wanda aka sauke wa kaya. Faru ta koma ta ɗaya a jerin mabuƙata. Inji ya tabbata. Ya riga ya fara hango kansa a Faru ranar rabo, ana nuna shi ana cewa ga surukin da ya gyara kwamfuta. Ba wanda zai tsaya tambayar wa ya ɓata ta tun farko.

Sa'adatu ce ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa a layin Kaya, wadda jiya take ta huɗu, yanzu ta koma ta biyar, ta fita daga rabo. Ta ce wannan lambar ta Faru ma ba gaskiya ba ce, ta dai fi waccan ladabi. Su wa suka amsa? Waɗanda ba su da abin ɓoyewa. Mai saniya ɗaya da wanda ba shi da ko kaza, su ne za su faɗa ba fargaba. Masu garken su ne suka yi shiru. In ka cire masu shiru ka auna sauran, ka auna talakawan gari ne kawai ka kira su gari. Mutanen Kaya kuma laifinsu ɗaya, an tambaye su sun faɗa.

Ta juya wajen dattijon ta ce in zai taimaka, ya faɗi nasa, ya kuma sa baki sauran su faɗa, sai a yi lissafi na gaskiya, wataƙila ma Faru ta shiga da halalinta.

"Ɗiyata," in ji shi, "ranar da kika iya hwaɗa mani sunan duk wanda zai karanta takardar ga bayan ta bar hannunki, ki zo, har kaji sai in ƙidaya maki."

Sai wayar Sa'adatu ta yi ƙara. Alhaji Ishaq ne, kuma muryarsa ba ta buƙatar lasifika. Direba zai tafi Gusau da takardun bayan la'asar, masu ba da tallafi ba sa jira, shi dai a kawo masa jadawali mai tsabta, ta zo yanzu ta sa hannu a wasiƙar rakiya. Ta gaya masa lambar Faru ta canja, bai tambayi yadda shanu sittin da tara suka zama rabin saniya ba. Alhaji mutum ne mai tawakkali da duk abin da ya fito daga firinta.

Ta yi sallama da Malam Bello, ta yafito Ɗanbaba zuwa bakin ƙofa, ta rage murya. Ta ce ya buga jadawalin, amma a ƙarƙashinsa ya rubuta layi ɗaya: a Faru gida ashirin da takwas cikin arba'in ba su amsa ba, don haka ba za a dogara da wannan lamba ba. Girman rubutun daidai da sauran, sha biyu. Ya kawo mata ofis da kansa. Ya tambaye ta, in an karanta layin fa? Ta ce za a ajiye Faru gefe sai an sake bincike, injinan kuma ba za su zauna jiran bincike ba, Kaya za ta koma gurbinta. Ta ce ita ma ba daɗi abin ya yi mata ba. Ta tare kabu-kabu ta tafi.

Ya dawo ya tarar da surukinsa ya miƙe ƙafa a benci, fuska a sake, har ya ciro goro. Dattijon ya ce dama Taibatu takan ce mijinta akwai ƙwaƙwalwa, shi ne bai yarda ba sai yau. Ya ce za a ji labari a Faru. Sannan, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, ya ce af, bajimin nan da Ɗanbaba ya ba shi kiwo ya yi ƙiba ƙwarai, da lissafin yau shi kaɗai rabon gida biyu ne.

Ɗanbaba ya ce madalla. Ya zauna gaban kwamfuta, ya ba dattijon baya.

Ya rubuta layin, don Sa'adatu za ta duba. Sai dai ba ta ce za ta zo da abin awo ba. Ya zaɓi rubutun ya mayar da girmansa shida. Layin ya koma kamar tururuwa ta bi ta gindin jadawalin. Gaskiya tana nan, ba wanda zai ce ba a rubuta ba, sai dai mai son ganinta ya nemo madubin mai gyaran agogo. Alhaji Ishaq da tabaransa ba zai gani ba, na Gusau kuwa lambar da ke cikin akwati kawai suke kallo.

Sai idonsa ya sauka a layin Kaya. Bai san kowa a Kaya ba, in ban da wani malamin makarantar sakandaren garin da yake zuwa buga tambayoyin jarrabawa, mutum mai yawan godiya. Su ma dai guga suke ja. Ya ji wani abu ya tsaya masa a ƙirji, abin da bai saba ji ba a bakin aiki, har ya yi zaton yunwa ce.

Daga nan aka shiga ciniki tsakaninsa da zuciyarsa, irin na dillalan shanu a kara ranar kasuwa. Sa'adatu ta sa suna sha biyu. Shi ya taya shida. Zuciyarsa ta ce albarka. Ya ƙara zuwa bakwai, ya tuna mata cewa yana da mata 'yar Faru, kuma da daddare gida zai koma. Ta ce albarka. Ya ce takwas, ai ba shi ya hana mutane magana ba, ba shi ya ƙirƙiro mutanen daji ba, shi mai kwafi ne. Yau ne karo na farko da ya kira kansa mai kwafi tun da aka rubuta allon nan. Zuciyar ta sauko sha ɗaya, ta ce saboda yara. Aka yi ta ja, janareta na shan mai, har aka sallama a tara. Mai ido zai gani in ya so, wanda bai so ba kuma ba za a ce ya yi ganganci ba. Ɗanbaba ya ga ya yi adalci irin wanda ba a taɓa yi a shagon ba.

Firinta ta yi tari ta turo takardar. Kafin ya kai hannu, Malam Bello ya riga shi. Ya ɗaga ta nesa da fuskarsa, ya sa aka nuna masa layin Faru da rabin saniyarsa, ya gyaɗa kai. Sannan babban yatsansa ya gangara ƙasa.

"Wanga ɗan siririn fa? Mi shika cewa?"

Amsoshi uku suka zo wa Ɗanbaba a tare, dukkansu masu kyau. Sunan shago ne. Kwanan wata ne. Addu'a ce. Ya yi wa rabin garin nan bayanin da ya fi wannan wuya ba tare da ya ƙifta ido ba. Amma cinikin da ya gama ya gajiyar da shi, tsohon kuma yana kallonsa kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba tun ranar ɗaurin aure. Sai ya ji bakinsa yana karanta layin yadda yake, har da abin da zai biyo baya in an karanta shi a Gusau.

Malam Bello ya tauna goronsa. Can ya tambaya ko an sa sunayen mutum ashirin da takwas ɗin. Ɗanbaba ya ce a'a. Ko an sa abin da suka mallaka. A'a. Sannan dattijon ya tambaya, in an ba Faru injin, wa zai kawo shi.

Ɗanbaba ya faɗi abin da ya sani, don shi yake wanke wa ƙungiyar hotuna. Masu tallafin da kansu suke zuwa, da motoci da masu ɗaukar hoto. Ƙauyen da ya zo na ɗaya kuwa nan suka fi daɗewa, su shiga gida gida su ga talaucin da idonsu, su ɗauka, su sa a intanet duniya ta gani.

"Gida gida," in ji dattijon. "Har bayan gida, inda turke yake."

"Har nan, Baba."

Malam Bello ya ajiye takardar a kan injin kwafi, ya sa yatsa a kan siririn layin.

"Ƙara mashi girma."

Ɗanbaba ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya sake bayani, a hankali, cewa in layin ya fito sosai, injin ya tafi Kaya.

"Na jiya. Kurma kaka ɗauka ta? Ƙara mashi girma, ya hi na sauran. Duk wanda takardar ga ta hwaɗa hannunai, na ofis ko na daji, ya karanta da kyau cewa an je Faru an yi tambaya ba a samu mai magana ba."

Ɗanbaba ya juya ga kwamfuta. Duk gumin da ya yi tsakanin shida da tara ya tashi a banza, ko sannu ba a yi masa ba. Ya zaɓi layin ya kai shi sha huɗu. Dattijon ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce bai gani ba tukuna. Sha shida. Ya ce a ƙara masa baƙi. Aka ƙara.

Takardar ta fito, layin ya yi ɓaro-ɓaro a ƙasa, har ya fi jadawalin kansa kwarjini. Malam Bello ya ɗaga ta nesa da fuska, ya duba, ya miƙa wa surukinsa ya ce ya yi sauri kada direba ya tashi. Ya sa takalmansa, ya gyara hula, ya ce a gaida Taibatu da yara. A bakin ƙofa ya tsaya yana kallon cunkoson kasuwa, sannan ya waiwayo ya tambayi Ɗanbaba ta wane layi masu igiyar guga suke zama yanzu, irin mai ƙwarin nan da take kai ƙarshen rani.